Abin da Ka Saya da Abin da Ka Mallaka

A shekarar 2014 wani ɗan jarida mai suna Kyle Orland, wanda ke rubutu a mujallar fasaha ta Ars Technica a Amurka, ya yi wani lissafi da aka daɗe ana maganarsa tsakanin masu buga wasannin bidiyo. Ya bi diddigin bayanan masu hulɗa da Steam, babbar kasuwar intanet ta wasannin kwamfuta da kamfanin Valve ya buɗe a 2003. Ƙiyasin da ya fitar shi ne, daga cikin wasanni kimanin miliyan 781 da ke rajista da sunayen mutane a kasuwar, kusan kashi 37 cikin 100 ba a taɓa kunna su ba ko da sau ɗaya. Ba a ma kai ga ɗanɗanawa ba, balle a ce ba daɗi. An karɓa, an ajiye, an wuce.

Sama da shekara 10 ke nan, kasuwar kuwa sai bunƙasa take yi. A 2023 kaɗai sabbin wasanni fiye da 14,000 suka fito a Steam, kusan 40 a kowace rana ta Allah. Yau ba abin mamaki ba ne ka tarar da magidanci ko ɗalibi mai jerin wasanni ɗaruruwa, wanda in ka tambaye shi labarin yawancinsu sai ya yi shiru, don bai taɓa leƙa cikinsu ba. Amma nuna ɗaya ka ce, "Kana da wannan?" Da ƙarfinsa zai amsa, "Ina da shi." To me mutum yake da shi, idan abin da ya saya bai taɓa shiga idonsa ko hannunsa ba, kuma wanda ya sayar masa yana iya janyewa ranar da ya ga dama?

Kafin a ɗora wa kowa laifi, a fara ganin yadda tarin yake taruwa, domin ba da gangan ake tara shi ba. Steam takan yi gagarumin rangwame sau da yawa a shekara, mafi shahara na tsakiyar shekara da na ƙarshenta. Mutum ya dawo daga aiki a gajiye, ya buɗe kwamfuta. Ga hoton wasan da abokansa suka daɗe suna yabo, an ja layi an soke tsohon farashinsa, a gefe ga ɗan koren akwati na nuna an rage kashi 75, ga kuma ranar da rangwamen zai ƙare. Ya ce a ransa, in na bari ya wuce sai na biya ninki huɗu. Ya jefa a kwando. Kafin ya kai wurin biya ya hango wasu uku masu kama da shi, su ma an karya farashinsu. Minti biyar ba ta cika ba an cire kuɗin. Sai ya dubi agogo, dare ya yi, gobe akwai aiki, wasan kuma girmansa ya kai gigabait 80, saukewa sai ta ci sa'o'i. Ya rufe kwamfutar. Sunayen nan huɗu suka shiga jerin da ke gefen hagu, da dusasshen rubutu ruwan toka, alamar ba a sauke su ba. Haka za su zauna har rangwame na gaba ya kawo musu maƙwabta.

Ba rangwame ne kaɗai ƙofar ba. A watan Mayun 2010 aka fara Humble Indie Bundle: wasanni biyar a ƙunshi ɗaya, ka biya abin da ka ga dama. Mai son ɗaya sai ya tafi da biyar. A ƙarshen 2018 kamfanin Epic Games ya buɗe tasa kasuwar, ya shiga rabon wasanni kyauta don jawo jama'a, har a Mayun 2020 ya ba da Grand Theft Auto V, cunkoson masu karɓa ya durƙusar da shafin na sa'o'i. A Yunin 2020 kasuwar itch.io ta haɗa ƙunshi mai ɗauke da wasanni da sauran ayyuka sama da 1,700 a kan dala 5, don tallafa wa masu fafutukar kare haƙƙin baƙaƙen fata a Amurka, aka tara fiye da dala miliyan 8. Niyyar mai kyau ce, amma wa zai buga 1,700?

Abin da babu mai yin rangwamensa shi ne lokaci. Manyan wasannin wannan zamani ba na zama ɗaya ba ne. The Witcher 3 da kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Poland ya fitar a 2015, ko Elden Ring na kamfanin FromSoftware na Japan da ya fito a 2022, ko Baldur's Gate 3 na kamfanin Larian na Beljiyam da ya biyo baya a 2023, kowannensu yana iya cin awa 100 ko fiye ga wanda ya bi lungu da saƙo. Mai iyalin da ya samu awa ɗaya kowane dare, ba fashi, ba rashin lafiya, ba baƙi, ba ɗauke wuta, awa 365 ke gare shi a shekara. Wannan bai wuce irin waɗannan wasanni uku ko huɗu ba. In a shekarar ya sayi 20, lissafin ya karye tun kafin ya zauna.

To me ya sa yake ci gaba da saye, alhali ya fi kowa sanin wannan lissafi? A ganina, kuɗin wata rana yake biya, wadda yake fatan za ta zo: ranar da aiki zai lafa, yara su tasa, a gama jarrabawa, ya zauna ba mai kiransa. Da yawa daga cikin masu irin wannan tari sun taso ne da wasa ɗaya ko biyu, suna hangen na wasu ta taga. A lokacin yini sukutum nasu ne, aljihu kuwa ba ko sisi. Yanzu aljihun ya ɗan yi nauyi, yinin kuma ya zama na wasu. Saye shi ne ɓangaren sha'awar da ke iya shiga cikin minti biyar, ya ba ka ɗanɗanon wasa ba tare da ya nemi maraicenka ba. Shi ya sa ba na kallon mai tarin nan da idon raini. Jerinsa shaida ce cewa har yanzu yana son ganin abin mamaki, yana son shiga duniyar da bai sani ba, bai kuma yarda ƙofar ta rufe ba.

Amma fata daban, mallaka daban. Iyayenmu mata sun san ajiyar abin da ba a amfani da shi. Kwanoni da tangaran ɗin da ake jerawa a ɗakin amarya ba don cin abinci aka jera su ba. Wasu sukan shekara 20 ba su ga miya ba. Sai dai kayan jere dukiya ce ta gaske. Ranar da buƙata ta taso, mai ɗakin tana iya sauke dozin guda ta ba dillaliya. Tana iya ba ƙanwarta aro ranar biki, ta ɗebar wa 'yarta ranar aure, in ta rasu kuma a lissafa su cikin gado. Ɗauki waɗannan huɗu, sayarwa da aro da kyauta da gado, ka auna tarin wasannin intanet da su. Wasan da ya riga ya shiga akawun ɗinka na Steam ba ka iya sayar wa wani, ba ka iya cire shi ka ba ɗanka kyauta. Aro sai cikin iyakar da kamfanin ya gindaya. Gado kuwa, yarjejeniyar nan da kowa ke amincewa da ita ba tare da ya karanta ba ta hana miƙa akawun ga wani, kuma a 2024 ma'aikatan kamfanin sun shaida wa wani mai tambaya cewa ko ta hanyar wasiyya ba a yi. Ga mutanen da suka saba in an yi rasuwa a kira malami a raba komai, daga gona har butar alwala, wannan kaɗai ya isa abin tunani.

Wanda ke ganin wannan maganar lauyoyi ce kawai, ya tambayi masu The Crew. Wasan tseren motoci ne da kamfanin Ubisoft na Faransa ya fitar a 2014, inda kake tuƙi cikin taswirar Amurka daga wannan gaɓar teku zuwa waccan. An gina shi yadda ba ya tashi sai ya haɗu da kwamfutocin kamfanin ta intanet, ko da kai kaɗai za ka buga. A Disambar 2023 aka daina sayar da shi, a ƙarshen Maris na 2024 aka kashe kwamfutocin. Daga ranar, har wanda ke riƙe da faifan da kwalinsa da rasidinsa, ba abin da ya rage masa sai roba. Wanda ya saya a rangwame ya ajiye yana jiran hutu, ko hutun ya zo wasan ya tafi. Wannan ne ya sa Ross Scott, mai shirya bidiyo a YouTube, ya fara gangamin Stop Killing Games, kuma a Yulin 2025 takardar koken da aka shigar gaban Tarayyar Turai ta samu sa hannun mutum fiye da miliyan 1.

A jihar Kaliforniya kuwa 'yan majalisa a kan kalmar cinikin suka tsaya. Dokar da Gwamna Gavin Newsom ya sa wa hannu a Satumban 2024, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2025, ta hana masu kasuwannin intanet gaya wa mutum cewa saye yake yi matuƙar izinin amfani kawai suke ba shi, sai in sun bayyana masa hakan ƙarara. Tun a Oktoban 2024 Steam ta ƙara 'yar sanarwa a wurin biya cewa lasisi kake karɓa. Cinikin bai canja ba, tun farko haka yake. Mai kaya ne aka tilasta wa ya kira shi da sunansa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A kasuwa in an ce "na sayar" aka amsa "na saya", kowa ya san kaya sun bar hannun wancan sun koma hannun wannan, ba wanda zai biyo ka gida ya ce dawo da su. Wannan amanar kamfanonin suka ara, suka liƙa ta a kan abin da ya fi kusa da haya. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Sai dai ko da doka ta gyara wannan gobe, kowane wasa ya zama naka har abada, rabin tambayar na nan. Akwai mallakar da rasidi ba ya bayarwa. Leƙa gidan gem a wata unguwa ta Kano ko Zariya ko Maraɗi bayan la'asar. Ɗan shago ne, talabijin biyu ko uku a jikin bango, benci, janareta na ruri a waje. Yara sun yi cincirindo, biyu na zaune suna dannawa, sauran na tsaye a kansu suna jiran layi, kowa ya damƙe kuɗin wasa ɗaya a tafin hannu. Ƙwallo ake bugawa, ita ce jiya, ita ce yau. Yaron da ke kan benci ba shi da na'urar, ba shi da faifan, ko fad ɗin da ya sha salatif ba nasa ba ne. Amma ya san ɗan wasan da ya fi gudu, ya san kusurwar da mai tsaron gida ke kasa kaiwa, ya san daidai lokacin da zai saki maɓalli ƙwallo ta lanƙwasa. Yatsunsa na riga tunaninsa. In aka ci shi, zai kwana yana juya wasan a ka. Tsakanin wannan yaro da mai wasa 300 da bai buɗe ba, wa ya fi cancanta ya ce "nawa ne"?

A Disambar 2023 wani yaro ɗan shekara 13 a jihar Oklahoma ta Amurka ya buga Tetris na tsohuwar na'urar Nintendo, wanda ya fito tun 1989, har ya kai matakin da lissafin wasan ya gaza ya daskare, abin da ba a taɓa ganin ɗan Adam ya yi ba. Wasa ɗaya ne, wanda ya girme shi da fiye da shekara 20, ya ba shi lokacinsa har ya ga ƙarshen abin da ba a gina shi da ƙarshe ba. Wasa ba ya cika wasa sai da mai bugawa. Masu zane sun zana dazuzzuka, marubuta sun rubuta hirarraki, makaɗa sun tsara sauti, amma duk wannan a kwance yake har sai wani ya ɗauki takun farko. Rabin aikin na mai bugawa ne, kuma wannan rabin babu kasuwar da ake sayar da shi.

Akwai kuma asarar da ta fi ta kuɗi ciwo. In tarin ya yi yawa, yakan juye ya zama bashi. Za ka ji mutum na cewa, "Wasanni sun yi mini yawa a kai," kamar mai maganar aikin ofis. Wasu sukan shiga shafin HowLongToBeat da ke nuna awa nawa kowane wasa ke ci, su fara da gajeru don jerin ya ragu. Sai ka ga mutum yana gudu a cikin duniyar da aka kwashe shekaru ana ƙawata ta, yana tsallake hira, ba ya tsayawa kallon komai, burinsa kawai ya soke suna ɗaya. Wani yakan buɗe jerin ya yi ta hawa da sauka, ya rasa wanda zai zaɓa, ya rufe ya koma kan waya. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai son komawa tsohon wasan da ya riga ya gama, don nan ransa ke samun natsuwa, amma sai ya ji kamar ya ci amanar sauran. Haƙƙoƙin da ke kan mutum sun ishe shi: ibada, iyali, zumunci, neman abinci. Bai kamata ɗan lokacin hutun da ya rage masa shi ma ya samu mai bin bashi ba.

Kada a ɗauka ciwon masu dala ne kawai. Wanda ya sayi PlayStation ta hannu a kasuwa yakan ce a cika masa ita da wasanni, ka dawo bayan shekara ka tarar biyu yake bugawa. Wayoyinmu cike suke da wasannin da aka sauke da datar dare aka buɗe sau ɗaya. Mu kuma kowane gigabait kuɗi ne, kowace awa ta man janareta kuɗi ce, farashin dala sai an juya shi zuwa naira ko sefa ake sanin nauyinsa. Abin da aka rage wa kashi 75 amma ba a amfana da shi ba, asararsa ɗari bisa ɗari ce. Kashedin da aka yi mana a kan almubazzaranci bai tsaya ga abinci da sutura ba.

Ba kowace ajiya ce ɓarna ba, wannan gaskiya ne. Binciken da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa yanzu. A Maris na 2023 kamfanin Nintendo ya rufe kasuwar intanet ta na'urorinsa 3DS da Wii U. Masu adana tsofaffin kaset da faifai su ne suka hana wani yanki na wannan fasaha ɓacewa. Haka wanda ya sayi wasan da wani matashi ya yi shi kaɗai a ɗakinsa, don ya ƙarfafa masa gwiwa, ko bai buga ba kuɗinsa bai tafi a banza ba. Amma mai adanawa ya san abin da yake yi: kwafin da zai zauna a hannunsa ko kamfani ya rushe yake nema, irin wanda kasuwar GOG ke bayarwa ba makulli. Mai taimako ma ya san nasa. Matsalar tana ga wanda ba ya adanawa, ba ya taimako, ba ya kuma bugawa, amma yana gaya wa kansa ya mallaka.

Don haka abu biyu nake nema. Na farko daga masu kaya ne da masu doka: a kira kowane ciniki da sunansa. In haya ce a ce haya, a faɗi wa'adinta, a sa mata kuɗin haya. In saye ne, a bar wa mutum abinsa ya ci gaba da aiki ko bayan kamfani ya tattara ya tafi, ya iya bayarwa, 'ya'yansa su iya gada. Hukumomin kare haƙƙin masu saye a ƙasashenmu ma maganar ta shafe su, domin irin wannan cinikin ne ake yi mana a kan littattafai da fina-finai da waƙoƙin da muke biya ta waya.

Na biyu daga mai tarin ne, kuma shi ba ya jiran majalisa. Ɗan'uwa, yafe wa kanka bashin, babu mai bin ka. Kuɗin da ya tafi ya tafi. Tilasta wa kai buga abin da ba a so ba zai dawo da shi ba, sai dai lokaci ya bi bayansa. Dubi jerin da gaskiya, ka ware waɗanda har yanzu zuciyarka ke motsawa in ka ga sunansu, sauran ka kawar da su daga ido. In lokacinka kaɗan ne, akwai ayyuka masu daraja da ba sa neman wata guda: Journey na 2012 da A Short Hike na 2019, kowanne ana gama shi cikin kamar awa biyu. In ka fara wani ka ga bai karɓe ka ba, ajiye shi ba tare da jin kunya ba. In kuma wasa ɗaya ne ya kama ka shekara da shekaru, riƙe shi, ba ka ci amanar kowa ba. Ranar da aka sake karya farashi, kafin ka tambayi nawa aka rage, tambayi kanka wane dare cikin makon nan za ka ba shi. In ba ka da amsa, bar shi a kasuwa, ka koma ga wanda ka riga ka fara.